Fensir Biyu, Taswira Ɗaya

Saura wata uku Severin ya share tebur,
ya ture kwalbar zuma da kofunan gahawa gefe,
ya shimfiɗa taswirar da ta girmi 'yarmu,
wadda ninki ya cinye mata sunan ƙauye biyu.
Ya ce, "Walburga, ba a fafe gora ranar tafiya,
kawo fensir."
Na kawo biyu.
Shekara arba'in da ɗaya ba kwana biyu ba ce.

Nasa ja ne, mai son hawa.
Daga Graz ya ja layi, bai ɗaga hannu ba
sai da ya dire can sama,
inda kore ya ƙare, takarda ta yi fari fat.
"Nan za mu kwana, bukkar mahaya tsauni,
gado kan gado, bargo mai ƙaiƙayi,
da asuba mu ga rana ta lashi kan Grossglockner."
Ya faɗa kamar gwiwarsa ta hagu ba ta ji,
gwiwar da aka sa wa ƙarfe bara,
wadda matakalar gidanmu, taki goma sha bakwai,
ke sa ta kuka kowace yamma.

Ban ce uffan ba.
Nawa fensirin baƙi ne, ba ya surutu.
Da hantsi, in ya fita sayen burodi,
sai in ɗau waya in bi otal-otal:
Akwai hawa? Taku nawa zuwa tashar motar igiya?
A Heiligenblut na dace da wata Notburga,
mai masauki ɗaki tara, murya kamar ta sha hayaƙi.
Ta ce akwai ɗaki ɗaya a ƙasa,
tagarsa na duban coci, dutsen na bayan cocin,
sai dai shanun maƙwabci kan wuce ƙarfe biyar
da ƙararrawa a wuya.
Na ce mai kwana da minshari ba ya tsoron saniya.
Na kama kwana huɗu har da karin kumallo,
na ɓoye rasit a littafin girki,
shafin miyar kabewa, inda ba ya leƙawa.

Shi kuwa kullum jan layinsa ƙaruwa yake:
kogin ƙanƙara ran Talata,
Laraba magangarar ruwa, Alhamis hanya mai lanƙwasa
wadda ko a hoto take juya min ciki.
Ni da baranda ma sai na dafa bango!
Tun muna amare na runtse ido a motar igiya,
na riƙe hannunsa har farcena ya bar shaida.
Ashe ya manta, na ce a raina.

Ran Juma'a waya ta yi ƙara, ina yanka albasa.
Notburga ce, tana dariya har da tari:
"Suna ɗaya, kwanaki ɗaya, ɗaki ɗaya, an kama sau biyu.
Ke kin ce mijinki ba ya iya hawa.
Shi ya ce matarsa jiri take gani a bene,
har ya tambayi inda ake hayar kwalekwale,
wai ruwa shimfiɗe yake, ba zai firgita ki ba.
To, wanne zan soke?"

Na ce ta soke nawa.
Albasa ce, na gaya wa kaina, albasa ce.

Da daddare ya sake buɗe taswira,
ya ɗora yatsa kan farin nan, yana lissafin awanni.
Na ce, "Da kyau, sai mu ga yadda sama ta wayi gari."
Ya ce, "An ce ma za a yi ruwa."
Ya cusa takalman hawa a ƙasan akwati duk da haka.
Ni kuma da ya juya baya
na zura sandarsa ta gefe, tsakanin rigunan sanyi.